Ῥοή, kalmar Girkawan dā ta gudana: ma'anarta da lissafin haruffanta

Tambaya: Malam, na ci karo da maganar cewa Girkawan dā suna da wata kalma mai nufin gudana, irin gudanar ruwa, wadda masu falsafarsu suka yi ta kai-kawo a kanta. Wai idan aka lissafa haruffanta ana samun 178, kuma sirrin kalmar yana cikin wannan lamba. Na ɗan taɓa karatun hisabi a zaure, shi ya sa abin ya ja hankalina. Mece ce kalmar, me take nufi, kuma lambar gaskiya ce?

Amsa: Lambar daidai ce, ɗan'uwa. Batun sirri ne zan ja da shi, amma bari mu fara da kalmar.

Kalmar ita ce ῥοή, haruffa uku: ro, omikron, eta. Mutanen dā suna furta ta kusan kamar "ro'ee", Girkawan yau kuma suna cewa "ro'i". Daga aikatau ῥέω ta fito, wato "ina gudana", kuma ba ita kaɗai ba ce a gidan. Akwai ῥόος, igiyar ruwan kogi mai ja. Akwai ῥεῦμα, abin da yake gudana. Akwai ῥύσις, aikin gudanar kansa. Tsarin bai yi wa Bahaushe nisa ba, domin mu ma daga saiwa ɗaya muka samu gudu, gudana, magudana da gudawa. Saiwar Girkancin ta fi Girkanci tsufa. Masana tarihin harsuna suna mayar da ita ga tsohon tushe "sreu", wanda ya bar 'ya'ya a Sanskirit na Indiya, inda "sravati" ke nufin yana gudana, da kuma Jamusanci, inda "Strom" ke nufin babban kogi. A Girkanci "s" ɗin farko ya narke ya zama huci. Ɗan ƙugiyar da kake gani a kan harafin ro alamar hucin ce, kuma ita ce ta sa Romawa suka riƙa rubuta irin waɗannan kalmomi da "rh".

A waƙoƙin Homa, mafiya tsufa a adabin Girka, sunan ya fi zuwa a jam'i, ῥοαί, magudanan kogi, ko na Okeyanos, ruwan da suka ɗauka ya kewaye duniya. Aikatau ɗin kuwa ya fi yawo. A fagen fama ƙasa tana gudana da jini. Makamai suna kwarara daga hannun mayaƙa. Da mawaƙin ya zo kan dattijo Nesto mai sulhunta sarakuna, ya ce magana tana gudana daga harshensa, ta fi zuma zaƙi. A labarin Odisiyus kuma, lokacin da matsafiya Kirke ta mayar da mutanensa daga aladu zuwa mutane, da wannan aikatau aka ce gashin ya zube daga jikinsu. Ka ga ke nan tun farko kalmar tana da fuska biyu: yalwa da ke kwararowa, da abin da ke zubewa ya tafi. Wannan fuska ta biyu ita ce likitoci suka kama.

Likitocin da suka bi tafarkin Hifokiratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙraɗ, sun ɗauki jiki a matsayin mazubin ruwaye huɗu: jini, majina, ruwan matsarmama rawaya, da baƙinsa. Lafiya ita ce su zauna daidai, cuta kuma ita ce ɗayansu ya yi ambaliya ya gangara inda bai kamata ba. Wannan gangarowar ita ce ῥεῦμα. Mura ta zama "katarrus", mai gangarowa ƙasa, don sun ɗauka majina daga ƙwaƙwalwa take saukowa. Zawo ya zama "diyarroya", gudana ta ratsa ciki, daidai da tunanin da ya ba mu kalmar gudawa. Basir ya samu suna daga jijiyoyin da ke zubar da jini. Ciwon gaɓoɓi ma an sa masa suna daga nan, bisa zaton wani ruwa ne yake sauka cikin gwiwa da kafaɗa. An daɗe da watsar da wannan bayani, amma sunayen suna nan a takardun asibiti. A Linjilar Markus 5:25, matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini, da ῥύσις aka faɗi ciwonta. Yau kuma a Atina idan aka ɗauke wuta, ρεύμα ce aka yanke. Mu mun kalli lantarki mun ga wuta, su sun ga ruwa.

Yanzu ga falsafa, inda aka fi yi wa kalmar ƙari. Za ka ji ana cewa Hiraklitus, mutumin Afisa da ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce "fanta rei", kome yana gudana. Littafinsa ya ɓace, abin da ya rage guntaye ne da marubutan baya suka tsakuro, kuma waɗannan kalmomi biyu ba sa cikin guntayen. A wurin Simfilikiyus ake samun su, mai sharhin littattafan Aristotal a ƙarni na 6 miladiyya, kusan shekara dubu bayan mutuwar mai maganar. Abin da mai falsafa Aflaton ya jingina wa Hiraklitus shi ne kome yana tafiya, babu mai tsayawa, kuma ba a shiga kogi ɗaya sau biyu. Guntun da masana suka fi yarda lafazinsa ne kuwa cewa yake: waɗanda ke shiga koguna, kogunan nan dai, wani ruwa da wani ruwa ne ke kwararo musu.

Tsaya ka duba bambancin, don nan ne naman yake. A lafazin nasa kogin bai ɓace ba. Shi ne dai, sunansa ɗaya, gaɓarsa ɗaya. Ruwan ne yake canzawa, kuma canzawar ce ta sa ya zama kogi, domin ranar da ruwan ya tsaya ya zama tafki. A nawa karatun, Hiraklitus yana magana ne a kan abin da ke dawwama saboda yana sauyawa, ba a kan duniyar da babu abin kamawa a cikinta ba. Mabiyansa ne suka zarce. Aristotal ya ba da labarin Kiratilus, wanda ya zargi Hiraklitus da sassauci, ya ce ko sau ɗaya ma ba a shiga kogi ɗaya, daga ƙarshe ya daina magana, sai dai ya motsa yatsa. Aflaton ya yi wa irin waɗannan laƙabin ba'a, "masu gudana".

Daga wannan saiwa wasu kalmomin ilmi suka ɓullo. Emfedokilis ya ce kowane abu yana fitar da wasu siraran kwararo, kuma su ne ke shiga ido da hanci har a gani a shaƙa. Filotinus, a ƙarni na 3 miladiyya, ya kwatanta asalin samuwa da abin da ya cika ya tumbatsa. Da aka fassara tunaninsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, masu falsafa irin su Farabi da Ibn Sina suka ɗauki kalmar Larabci "failu", ambaliya, don faɗin wannan ma'ana. Kalmar kari ko tsarin bugun waƙa, "rutmos", al'adar masana tana danganta ta da wannan gida. Kalmar "retor", mai huɗuba, ba ta ciki ko kaɗan duk da kamar sauti, daga saiwar faɗa ta fito. Masu neman sirri a intanet sukan haɗa su, kuskure ne.

Tun kafin a zo kan lamba, Aflaton ya gwada neman ma'ana a cikin harafi. A muhawarar da ya sa wa sunan Kiratilus, malaminsa Sukurat yana cewa ro harafin motsi ne, don a wajen furta shi harshe ba ya hutawa, kuma misalansa na farko su ne ῥεῖν da ῥοή. Kunnen Bahaushe zai so wannan magana: kwarara, gangara, zurara. To amma malala fa, da ɓulɓula, da gudana kanta? Sukurat bai jira mu ba. Can gaba a muhawarar ya kawo kalmar tauri, "sikilerotes", ya nuna tana ɗauke da lamda, harafin da shi da bakinsa ya ce na santsi da laushi ne, amma kowa ya fahimci tauri ake nufi. Abokin muhawarar ya amsa cewa sabo ne ya sa. Ina son wannan wuri ƙwarai, don mutumin da ya fi kowa iya wasan ne ya nuna inda wasan ya tsaya.

To, lissafi. Girkawa suna da haruffa 24, lissafin kuma yana bukatar 27: tara na ɗaiɗaiku, tara na gomomi, tara na ɗaruruwa. Sai suka riƙe tsofaffin haruffa uku da rubutu ya yar, digamma ta zama 6, koffa 90, samfi 900. Da yake ka yi abajada, za ka ga abin mamaki. Alfa 1 alif 1, beta 2 ba 2, gamma 3 jim 3, delta 4 dal 4, haka suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kaffa 20 kaf 20, lamda 30 lam 30, mu 40 mim 40, nu 50 nun 50, har zuwa 80, idan aka bi abajadar ƙasashen Gabas. Dalili shi ne jerin biyu daga tsarin haruffan Finikiyawa da danginsu suka gangaro, wanda Girkawa suka ara wajen ƙarni na 8 kafin miladiyya. A 90 suka rabu. Girkawa sun yar da harafin da ke matsayin sad, sai kome ya matso da taki ɗaya: ɗan'uwan ƙaf ya zama 90 maimakon 100, ro ya zama 100 alhali ra a wurinmu 200 ce.

Saboda haka ro 100, omikron 70, eta 8, jimla 178. Kuma akwai abu ɗaya mai daɗi game da wannan kalma wanda ba kasafai ake faɗa ba. Harafinta na farko na ɗaruruwa ne, na biyu na gomomi, na uku na ɗaiɗaiku, a jeren da aka saba rubuta lamba. Ma'ana, magatakardan Girka da zai rubuta 178 haruffan nan uku zai rubuta, ροη, ya ja ɗan layi a sama ko ya sa ɗan ɗigo a gefe don a san lamba ce. Kalmar ba jimlarta kawai ce 178 ba, ita ce rubutun 178. Kalmomi kaɗan ne ke faɗawa haka. Dace ne na rubutu, mai kyau, kuma iyakarsa ke nan.

Ga dalilin da ya sa na ce iyakarsa ke nan. Lambar ta rubutu ce, rubutu kuma ya bambanta daga gari zuwa gari. A karin harshen Doriyawa, wani reshe na Girkawa, ῥοά ake cewa, 171. Jam'in da Homa ya fi amfani da shi 181 ne. A tsibirin Korfu an samu dutsen kabarin wani mayaƙi mai suna Arniyadas, na wajen shekara 600 kafin miladiyya, wanda ya mutu a gaɓar kogin Arattos, kuma a kansa an rubuta kalmar da digamma a tsakiya, tsohon sautin "w" da ya ɓace daga baya. Da wannan rubutu tilon zai zama 177. A Atina kafin gyaran rubutu na shekarar 403 kafin miladiyya, da efsilon ake rubuta dogon wasalin ƙarshe, sai ka samu 175. Ƙari a kan haka, Atinawan zamanin Aflaton da wani tsari dabam suke rubuta lissafin hukuma, inda delta take 10 don ita ce farkon kalmar goma. Wace ce lambar sirrin a cikin waɗannan? Kai ma ka san irin wannan a gida. Abajadar da malamanmu suka gada ta Magrib ce, inda sin take 300, shin 1000, shi ya sa ramzin shekara a ƙarshen waƙoƙin ajami na ƙarni na 13 hijiriyya yakan ɗauki shin da ra, 1200. A lissafin Gabas sin 60 ce, shin 300. Sunan Musa a Alƙahira 116, a tsohon zauren Kano 356, mutum ɗaya.

Sauran 'yan gidan ma kowa da tasa: ῥέω 905, ῥύσις 910, ῥεῦμα 546, ῥόος 440, wadda Atinawa suka taƙaita zuwa ῥοῦς ta koma 770. Ka riƙe 440 ɗin nan. Kalmar dutse, babban tsauni, ὄρος, ita ma 440 ce, haka kalmar iyaka, ὅρος. Haruffa huɗu ne aka juya. Idan daidaiton lamba yana nuna daidaiton ma'ana, to abin da ba ya tsayawa da abin da ba ya motsi abu ɗaya ne. Na san mai son sirri zai yi tsalle ya ce ai wannan ita ce koyarwar Hiraklitus, kishiyoyi ɗaya ne. Amma ka lura, da kalmar ta yi daidai da teku zai ce ga shaida, da ta yi daidai da dutse ma ya ce ga shaida. Awon da ba ya taɓa cewa a'a ba awo ba ne. Haka 905 ta ῥέω ta yi daidai da ἐρῶ, wadda ke iya nufin "zan faɗa" ko "ina so", ka zaɓi wadda ta yi maka.

Wannan ba yana nufin Girkawa ba su yi wasan ba. Sun yi, kuma sunansa isofsefiya, daga "isos", daidai, da "fsefos", tsakuwa, don da tsakuwa suke ƙirga. Mafi yawan shaidunsa daga zamanin mulkin Romawa suke, ƙarni na 1 miladiyya zuwa gaba, ɗaruruwan shekaru bayan Hiraklitus. A bangon Fompeyi, garin da aman dutsen Besubiyus ya binne a shekarar 79, wani ya rubuta cewa yana son wadda lambarta 545. Ya ɓoye sunanta a cikin lamba. Marubucin tarihin Romawa Suwetoniyus ya ruwaito cewa bayan Sarki Nero ya sa an kashe mahaifiyarsa a shekarar 59, an riƙa yaɗa cewa sunansa da jimlar "ya kashe uwarsa mahaifiya" lissafinsu ɗaya. Na sha ba ɗalibai su gwada, kowanne 1005 yake bayarwa. Wani mawaƙin Iskandariyya, Liyonidas, ya riƙa tsara baitocin da jimlar haruffan biyun farko take daidai da ta biyun ƙarshe, gwaninta ce zalla. Kiristocin farko sukan rufe rubutu da 99 a maimakon amin, 666 ta Wahayin Yahaya 13:18 kuma an faɗa a fili lambar sunan wani ce.

Misalin da ya fi kusa da tambayarka na kogi ne. Sunan Nilu da Girkanci, Νεῖλος, shi ne 50 da 5 da 10 da 30 da 70 da 200, jimla 365. Marubuci Heliyodorus ya sa wannan a bakin mutanen Aswan a labarinsa, suna cewa kogin shi ne shekara kanta. Maganar ta zauna, amma duba dalilin zamanta. Tun dubban shekaru kafin a rubuta sunan da haruffan Girka, Misirawa sun raba shekararsu bisa cikar kogin, janyewarsa da girbi. Ma'anar tana nan tuni, lambar ta zo ta yi mata ado. Artemidorus mai littafin fassarar mafarki, a ƙarni na 2, wanda sana'arsa ke nan, ya yi amfani da hanyar. Ya ce wanda ya yi mafarkin gwaiwa zai yi asara, kalmomin biyu kowacce 66, tsohuwa kuma ga majinyaci alamar jana'iza ce, kowacce 704. Duk da haka ya gargaɗi ɗansa da ya yi amfani da lissafin a inda mafarkin ya riga ya nuna ma'anar ko ba lamba. Ko gwanin kasuwar bai yarda lamba ta yi jagora ba.

Za ka kuma ga ana tara 1 da 7 da 8 a samu 16, a sake tarawa a samu 7, a ce bakwai lambar kamala ce. Wannan ma tsoho ne. Girkawa suna kiran sa "futmen", gindi: a mayar da 100 zuwa 1, 70 zuwa 7, a zubar da tara-tara, a riƙe saura. Hifolitus na Roma, a farkon ƙarni na 3, ya bayyana yadda masu duba ke yi da sunayen jaruman Homa don nuna wanda zai rinjayi wani, Hekto alal misali yana ba da 19, saura 1, kuma ya kawo bayanin ne don ya rushe shi. Wannan hanya ce ta shiga Larabci a matsayin hisabun nim, lissafin mai rinjaye da wanda za a rinjaya, aka jingina ta ga Aristotal. Ibn Khaldun ya kawo ta a Muƙaddima, ya kuma yi shakkar jinginawar. Idan a zaure ka ga ana haɗa sunaye biyu ana zubar da tara, ka san hanyar ta yi doguwar tafiya. Amma saura guda tara ne kacal, ke nan kusan kalma ɗaya cikin kowace tara a ƙamus tana faɗawa kan 7. Ῥοή tana can tare da dubban kalmomin da ba su san ta ba.

Idan kana son kalmar da gaske, shawarata ka bi ta a cikin jimloli: a bakin Homa, a hannun likita, a gardamar Aflaton. Ka koyi lambobin ma, amma don amfaninsu na asali, karanta kwanan wata, farashi da lambar babi a tsofaffin takardu. Masu karanta takardun fafirus na Masar suna fama da wannan kullum, don a lokacin ba a barin fili tsakanin kalmomi, ɗan layin da ke nuna lamba kuma yakan goge ko magatakarda ya manta shi. Idan ΡΟΗ ta bayyana a irin wannan takarda, mai karatu yakan duba abin da ke gabanta da bayanta kafin ya san ko ruwa ake nufi, ko kuwa awon alkama 178 da wani manomi ya kai rumbun hukuma.